Yadda Asusun Malamai Ya Raba Ni da Taba

Yanzu da ake ta maganar inshorar lafiya, da kati, da jerin magungunan da ake biya wa mutum da waɗanda ba a biya, nakan tuna da namu ƙaramin asusun na da. A lokacin inshora a wurinmu takardar mota ce kawai, wadda direba ke miƙa wa ɗan sanda a hanya. Ba mu san ana yi wa jikin mutum ba. Amma mun yi abin da kanmu, ba tare da mun san sunansa ba, kuma ni ne na fara kai masa rigima.

Shekarun farko ne bayan an yanke mana jihar Kebbi daga Sakkwato. Ina koyarwa a wata makarantar firamare a Maiyama, gidana kuwa yana Jega. Kullum da safe in hau babur in kama hanya, bayan la'asar in dawo. Ina da shekara talatin da 'yan kai, da maiɗakina, da 'ya'ya biyu, da kuma taba sigari, wadda na koya tun ina makarantar horon malamai. Ba na sha a gaban ɗalibai, kuma ba na sha a gaban mahaifiyata. Ban da waɗannan wurare biyu, ko'ina ina sha. Ko da azumi, in an kira magariba nakan kurɓi ruwa, in ci dabino ɗaya don kunya, in zagaya bayan gida in kunna.

Asusun ya samo asali ne daga wata wahala da muka gani. Matar wani abokin aikinmu ta sha doguwar naƙuda, aka ce sai an yi mata aiki, ga shi tsakiyar wata. Muka yi ta yawo gida gida muna haɗa abin da ya samu. Allah ya sa ta tashi, ita da jaririn. Bayan suna, hedimastanmu, wani dattijo mai sanyin magana wanda ya koyar da rabin mutanen garin, ya tara mu a inuwar dogon yaro da ke bakin ofishinsa, ya ce bai kamata mu sake yin irin wannan yawon ba. Kowane wata kowa ya ajiye ɗan wani abu daga albashinsa, duk wanda ciwo ya kama, shi ko iyalinsa, asusu ya saya masa magani. Malaman wasu makarantu biyu da ke kusa suka ji, su ma suka shigo.

Aka ba malamar aji ɗaya riƙon asusu. Dalilin da aka bayar a fili shi ne tana da amana. Dalilin da kowa ya sani a ransa shi ne babu namijin da zai iya tsayawa gabanta ya ce a ara masa. Ni kuwa aka ba ni sakatare saboda rubutuna yana da kyau, aka ce in tsara dokoki in kawo.

Na zauna a zauren gidana wata Asabar na rubuta su. Doka ta biyar na fi jin daɗinta. Ta ce: ciwon da mutum ya jawo wa kansa da gangan, asusu ba zai biya ba. Na rubuta ta ne ina tunanin wani matashin malami da ke gudu da babur kamar ana korarsa. Biro na hannun dama, taba na hannun hagu, haka na rubuta ta, kuma ko kaɗan ban ga wani abu a ciki ba. Aka karanta a taro, kowa ya yaba, hedimasta ya ce lallai sakatare ya yi tunani.

Asusu ya yi shekara biyu yana aiki lafiya. Ya sayi maganin zazzaɓi, ya sayi na hawan jini, ya biya ƙarin ruwa, har tabarau ya taɓa saya wa malamin Larabci.

Wata rana da bazara ina dawowa, mai ya ƙare mini a hanya, tsakanin Maiyama da Jega. Ba wani abin mamaki ba ne, nakan tura babur in kai inda ake sayar da mai a kwalba. Na sauka na fara turawa. Ban yi nisa ba na ji ƙirjina ya cika kamar an ɗora mini buhun gero. Tari ya sarƙe ni, idanuna suka yi duhu. Na jingine babur na zauna a gindin wata bishiya ina neman numfashi. Wata Bafulatana mai tallan nono, wadda ta kusa haihuwata, ta zo wucewa da ƙwarya a kanta. Ta tsaya, ta sauke, ta ba ni ruwa daga gorarta. Da ta ga na dawo hayyacina ta tambaye ni inda za ni, na faɗa mata. Ta ɗauki kayanta ta ci gaba da tafiya, tana taku ɗaya bayan ɗaya ba haki ba komai. Na bi ta da kallo har ta ɓace. Abin ya fi tarin ba ni kunya.

Washegari na je asibiti a Jega. Likitan saurayi ne, bai daɗe da zuwa garin ba. Ya ɗora abin sauraro a ƙirjina da bayana, ya sa na ja numfashi, sannan ya kama hannuna ya duba yatsuna biyu da suka yi ja.

"Malam, kara nawa a rana?"

Na rage masa kusan rabi. Ya yi murmushi, ya rubuta abin da ya rubuta. Ya ce huhuna bai kai ga lalacewa ba tukuna, amma yana kan hanya. Na ce masa na sha gwada bari. Na yi da goro, na yi da alewa, na yi da rantsuwa, kwana uku ne iyakata. Ya ce ba rashin zuciya ba ne, jiki ne ya saba da wani sinadari da ke cikin tabar. Akwai magani, kamar cingam yake, yana ba jiki ɗan wannan sinadarin ba tare da hayaƙi ba, ana ragewa a hankali har wata uku. Sai dai ba a samunsa a kemis ɗin garinmu, sai manyan birane, kuma yana da tsada. Ya rubuta mini sunan a takarda. Da ya faɗi abin da zai iya ci, na ninke takardar na sa a aljihu na yi godiya.

A gida na ba maiɗakina labari. Tana tankaɗe gari, ba ta ɗago ba ta ce, "To ba kuna da asusu ba, Malam?"

Na ce akwai doka.

"Wa ya yi dokar?"

Na ce ni.

Ta ajiye rariya ta yi dariya har da riƙe ciki. Ban taɓa ganin ta yi irin wannan dariyar a gabana ba. Da ta gama ta share ido da bakin zane, ta ce in je in gwada, iyaka su ce a'a.

Na rubuta takardar roƙo zuwa ga sakataren asusu, na sa hannu, na karɓa, na sa a cikin fayil. Ranar taron wata muka zauna a inuwar dogon yaro, mu kusan ashirin a kan bencinan ɗalibai. Da aka zo kan sababbin buƙatu na miƙe na karanta takardata.

Hedimasta ya gyara zama ya ce, "Sakatare, karanta muna doka ta biyar."

Na karanta. Ban kai ƙarshe ba dariya ta ɓarke. Matashin malamin nan mai gudu da babur, wanda ya daɗe da gane don wa aka yi dokar, ya fi kowa jin daɗi. Ya ɗaga hannu kamar ɗalibi ya ce yana da tambaya ɗaya: wa ke kunna wa sakatare ashana, shi da kansa ko wani ke tilasta masa? Aka sake kwashewa.

Daga nan aka shiga gardama ta gaske. Wasu suka ce shan taba hali ne, ba ciwo ba, in aka buɗe wannan ƙofa gobe mai cin goro ma zai kawo tasa takardar. Wasu suka ce ai likita ne ya rubuta, duk abin da likita ya rubuta magani ne. Malamin Larabci ya cire tabaransa ya ce shi abin da ya sani, wanda ya zo yana neman rabuwa da abu marar kyau, taimakonsa ake yi, ba a tsaya tambayarsa yadda ya shiga ba. Ni dai ina tsaye da fayil a hannu, kuma abin da nake so a duniya a lokacin shi ne kara ɗaya.

Malamar aji ɗaya ta jira sai da kowa ya gaji. Sannan ta yi magana, ba ta ko tashi ba.

"Ni ka riƙe da asusun ga, ku bari in hwaɗi nawa. In mun ƙi saya mai maganin ga yau, baɗi ko baɗin baɗaɗa shina kwance asibiti. Ranar nan wa zai tashi cikinku ya je ya karanta ma maiɗakinai doka ta biyar? Babu. Za mu biya gado, mu biya allura, mu biya ƙarin ruwa, kuma mu raba ajinai tsakaninmu. Wanga da ya kawo yanzu shi ne mai sauƙi."

Hedimasta ya ce a ɗaga hannu. Aka amince, har da matashin mai babur, wanda ya ɗaga hannu biyu. Amma aka sa sharaɗi: duk ranar da wani ɗan asusu ya gan ni da taba, zan mayar da abin da aka kashe. Aka ce in rubuta wannan a matsayin sabuwar doka, don wanda zai zo bayana. Na rubuta a nan take, a kan gwiwata, rubutun bai yi kyau kamar na farko ba.

Saura samo maganin. Ina da kawu a Aliero, ƙanin mahaifiyata, manomin albasa ne kuma yana bin manyan motoci da ita har Ikko. Ranar Lahadi na hau babur na same shi a wurin lodi, ana ta ɗinke buhuna. Na ba shi takardar likita da saƙon asusu, na yi masa bayani. Ya juya takardar sama da ƙasa, ya dube ni.

"Yanzu kai, da girmanka da karatunka, cingam za ka aike ni saye Ikko?"

Na ce magani ne, Kawu.

"To Allah shi ba da lahiya. In na iske balan-balan ma in haɗo maka?"

Leburori suka yi ta dariya. Amma ya ninke takardar da kyau ya sa cikin hularsa. Daga baya direban motar ya gaya mini kantin magani huɗu suka shiga kafin su samu, kuma Kawu ya ƙi zama ya ci abinci sai da aka samu. Bayan kwana goma sha biyu saƙo ya iso Jega, kwalaye a cikin leda, ledar a cikin tsohon buhu. Komai nasa warin albasa yake, har takardar bayanin da ke ciki.

Na kai wa likita ya duba, ya nuna mini yadda ake yi. Ba a tauna shi kamar na yara. A ɗan tauna har a ji yaji, sai a ajiye a kunci, in yajin ya lafa a sake taunawa. Ranar farko na manta, na tauna da ƙarfi a kan babur, shaƙuwa ta kama ni tun daga Jega har ƙofar makaranta. Na shiga aji biyar ina shaƙuwa, yara suna ta dannewa, har sai da na ce musu su yi dariyarsu su huta mu fara darasi.

Abin da ban yi tsammani ba shi ne yawan masu gadin da na samu. Malamai ashirin, kowanne da iyalinsa da surukansa, labari ya bazu garuruwa uku. Mai teburin da nake sayen taba wurinsa a tashar Jega shekara da shekaru, da na tsaya sayen ashana don gida, ya rufe kwalayen sigarinsa da tsumma, ya ce, "Malam, an hwaɗa min. Ko ka roƙe ni ba ni saida maka." Ban roƙe shi ba, amma na ji daɗi. A Maiyama in na zagaya bayan aji don fitsari, sai in ga wani malami ya tuno shi ma yana da uzuri a wajen. Maiɗakina kuwa kullum da safe takan cika mini aljihun da kwalin taba ke zama da aya, don hannuna in ya tafi can da kansa ya iske wani abu.

Makon farko da na biyu ba su yi daɗi ba. Raina yakan ɓaci a kan abin da bai kai ba. Na yi wa mai faci faɗa, na yi wa akuyar maƙwabci faɗa. A mako na uku na je Aliero sunan jikan Kawu. Bayan an ci an sha, na zagaya bayan rumbunan albasa, na iske wani direba yana zuƙa. Bai san ni ba. Na roƙe shi kara ɗaya, ya ba ni, ya kunna mini. Na ja sau uku. Kaina ya juya, bakina ya yi ɗaci, na jefar na take da takalmi. Na duba gabas da yamma, babu kowa.

Abin ya tsaya mini a rai har Litinin. Da aka tashi tara na sami malamar aji ɗaya tana gyara rajista, na faɗa mata duk abin da ya faru, na ce a shirye nake in mayar.

Ta ci gaba da rubutunta. "Mi dokar ta ce, Malam? Kai ka rubuta ta."

Na ce ta ce ranar da wani ɗan asusu ya gan ni.

"Ni ban gane ka ba. Akwai wanda ya gane ka?"

Na ce babu.

"To tahi ajinka. Kuma kada ka koma."

Ban koma ba. Wannan ja ukun su ne na ƙarshe a rayuwata.

Wajen mako na biyar abubuwa suka fara canzawa. Wata rana ina cin tuwon dawa da miyar kuka, na ajiye loma na ce wa maiɗakina gishiri ya yi yawa yau. Ta dube ni, ta ɗauko kwanon yara ta ce in ɗanɗana. Na ɗanɗana, daidai. Ta ce shekara bakwai ke nan tana ƙara gishiri da yaji a kwanona ni kaɗai, don tun tana amarya kullum sai na ce miyarta lami ce. Na nemi gafararta, ta ce ta yafe tun da daɗewa, amma dai in sani ta iya miya. Daga ranar muka koma tukunya ɗaya da ɗanɗano ɗaya, kuma na gane shekara bakwai ina zaune da gwanar girki ban sani ba.

Hanci ma ya buɗe. Na fara jin ƙanshin kifin da ake soyawa a bakin kasuwa tun daga nesa. Da ruwan farko ya sauka ina kan hanya, ƙanshin ƙasa ya buge ni har sai da na tsayar da babur na tsaya ina shaƙa, ruwa na dukana. Na kuma ji warin rigunana da hulunana, wanda kowa ke ji shekara da shekaru ban da ni. Muka kwashe su duka aka wanke aka shanya, tsakar gida ta cika da kaya kamar ana shirin biki. 'Yata ƙarama, wadda da in na ɗauke ta takan kawar da fuska, ta fara hawa cinyata da kanta tana lalube aljihuna tana cinye mini aya.

Na rage cingam kamar yadda likita ya tsara, daga yawa zuwa kaɗan, har ranar da na kai makaranta na tuna na baro shi a gida kuma ban damu ba. Kwali ɗaya ya rage ban buɗe ba, na mayar wa asusu. Bai yi wata biyu a wurin malama ba wani malami daga ɗaya daga cikin makarantun nan biyu ya zo a asirce ya tambaye ni yadda ake rubuta takardar roƙon. Na zaunar da shi na rubuta masa, na kuma gaya masa maganar shaƙuwa tun da wuri.

Ƙarshen zangon karatu aka yi wasannin makaranta, iyaye suka cika fili. Bayan yara sun gama nasu, aka ce saura tseren malamai, zagaye ɗaya na filin ƙwallo. Ban taɓa shiga ba, kullum ni ke riƙe usur. Ranar nan na miƙa wa hedimasta usur, na tuɓe babbar riga, na naɗe ƙafar wando, na shiga layi. Mu biyar ne. Ɗalibai suka fara ihu tun ba a tashi ba.

Aka busa. Matasa biyu suka wuce kamar iska, ban ma sa su a lissafi ba. Na bi a hankali ina jiran inda ƙirjina zai cika, na wuce kwanar farko bai cika ba, na wuce ta biyu numfashi na shiga yana fita. A kwana ta uku na wuce malamin lissafi, wanda tumbinsa ya riga shi gajiya. Dab da ƙarshe na kamo malamin aji uku, muka yi kafaɗa da kafaɗa, 'yan ajina suna bin gefen fili da gudu suna kiran in ƙara. Na ƙara. Na zo na uku.

Na zube a kan ciyawa ina haki, ina dariya, yara sun kewaye ni suna yi mini fifita da littattafansu. Kyautar ta na ɗaya ce kawai, bokitin roba. Hedimasta ya zo ya tsaya a kaina da usur a wuya, ya miƙo hannu ya tashe ni, ya ce a rubuta a littafin taro cewa asusu ya ga amfanin abin da ya saya. Na ce ranka ya daɗe, sai dai wani ya rubuta, ni yau hannuna ma rawa yake.

Kwana uku cinyoyina suna ciwo, da ƙyar nake taka babur ya tashi. Maiɗakina ta shafa mini man zafi, tana tambayata ko wannan ciwon ma za a kai wa asusu. Na ce a'a, wannan kam ni na jawo wa kaina.